Riƙe Ƙafa

Shekara talatin da huɗu ina tsaye a mahautar Maraɗi,
tun assalatu har rana ta take tsaka.
Jar akuya ta san hannuna,
siminti ya san dugadugaina,
ƙafar hagu ita ta riƙe lissafin tsayuwa.

Jijiyoyi suka taso a sharaɓa
kamar igiyar guga da aka yar bakin rijiya,
ƙulli bisa ƙulli.
Da la'asar nauyin turmi,
da dare ƙaiƙayi ya hana rintsawa.

Na ƙi wuƙa. Wanzami ba ya son jarfa,
kuma na ga Nomau,
Nomau mai gashin burodi a Bagalam.
Wani mai farar riga ya yi masa aiki a ɗakin bayan shago,
jikka arba'in, ba hoto, ba tambaya.
Ya fizge jijiya kamar mai tuge rogo,
ya haɗa da zaren ji da ke kwance gefenta.
Yau soka wa Nomau ƙaya a idon sawu, ba zai waiwaya ba.
Damina biyu kumburin ya komo,
ya zo da gyambon da ba ya rufewa.

Tawa ta fashe ina tsakiyar fiɗa.
Jinina da na bunsuru suka bi magudana ɗaya.
Sahabi ya ɗaure da tsumma, ya ɗora ni bisa kabu-kabu,
sai babban asibiti, ban sami bakin musawa.

Likita Habsu ta ce in miƙe tsaye.
Ta shafa wani abu mai sanyi, mai yauƙin kuɓewa,
ta bi ƙafar da na'ura daga matsematsi har ƙasa,
ido a allo, tana matsa tsoka tana saki,
tana sauraron jini yana komawa baya.
Ta ce, "Akwai babbar hanya can ciki.
In ta toshe, wannan mummunar ta waje
ita kaɗai ke kai jini gida, ba a cirewa.
Taka a buɗe take."
Ta ɗauki alƙalami ta zana fatata:
nan ƙofar da ta lalace,
nan, ƙasan gwiwa kaɗan, wurin tsayawa.

Na ce, 'yar nan, wa ya ba ki wuƙa?
Ta yi dariya.
"Bayan karatun likita, shekara biyar a ɗakin tiyata.
Biyun farko ƙugiya kawai nake riƙewa,
ina kallon yatsun malamina.
Ran da na fara yanka, hannunsa na bisa nawa."

Sai na tuna Illo, Allah ya jiƙan Illo.
Shekara uku ina riƙe masa ƙafar akuya,
bai bari na taɓa kaifi ba.
Yakan ce tsakanin fata da nama akwai hanya,
siririya kamar silin gashi.
Wanda bai gan ta ba zai huda,
fatar da aka huda kuwa majemi ba ya tayawa.

Na miƙa ƙafa.

Tsaga biyar, kowace ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba.
Kafin magariba ta sa ni tattaki a baranda,
ga safa mai matsi kamar bashi.
Duk safiya nakan mintsini idon sawuna,
in ji zafi, in gode Allah da zafin.

Na kai mata Nomau.
Ta daɗe tana duba ƙafar, ba ta zagi kowa ba.
Ta ce gyambon zai rufe, da haƙuri.
Jin da ya tafi, wannan ba ta yi alkawarin dawowa.

Jiya yaron da nake koya wa fiɗa
ya ce, Baba, wata takwas ke nan, a ba ni wuƙa.
Na dubi fatar, na dubi sawuna.
Na ce, Tsahiru, matso.
Riƙe ƙafa.